Mansa Musa na Cikin Kwamfuta: Wata Biyu Ina Riƙe da Sarautar Mali

Ɗan yayana ne ya jefa ni cikin wannan harka. Yana karatu a nan Legas, yana zaune a wurina a Agege, kuma kullum sai ya raba dare a gaban laftof. Ranar da na shiga yi masa faɗa sai ya ce, "Baffa, wallahi ba wasan yara ba ne. Zo ka gani, yau ni ne Mansa Musa." Na jawo kujera da niyyar leƙawa na minti biyar. Wata biyu ke nan, kwamfutar ta koma kwana a ɗakina.

Sunan wasan Civilization VI. Za ka zaɓi wani shugaba na tarihi, ka fara da gari ɗaya tilo, ka yi ta noma da gini da fatauci da yaƙi, kai ka taka abokan hamayya su taka, tun daga zamanin kwari da baka har zuwa na jirgin sama. Mai niyyar saye ya sani cewa Mali ba ta cikin uwar wasan, sai an haɗa da ƙarin da ake kira Gathering Storm, wanda ya fito a 2019. Katina na banki ya ƙi biya har sau uku, sai wani abokin sana'a ne ya biya da nasa, na ƙirga masa naira a hannu. Saukewa kuma tana shan data ba kaɗan ba. Babu Hausa a ciki, ga Turanci jibge, don haka makon farko yaron ne tafintana.

Yadda aka tsara Mali ya burge ni. Kowa gudun hamada yake yi a wasan, amma kai nan ne gidanka: garin da yashi ya kewaye yana samun ƙarin abinci da makin addini. Kowane ramin ma'adinai yana ba ka zinare 4 a kowane zagaye. Sai dai an ɗaure maka hannu ta wani wajen, domin gine-ginenka da horar da sojojinka suna tafiyar hawainiya, an zaftare kashi 30 cikin 100 na ƙarfin aikin. Mafita ita ce kasuwar da ake kira Suguba, wato babbar kasuwa da harshen Bambara, wadda ke rage maka kashi 20 cikin 100 na duk abin da za ka saya a garin. Abin da wasu ke ginawa da gumi, kai da kuɗi za ka ɗauko shi. Akwai kuma mahaya dawaki, Mandekalu, masu tsaron ayari kada a yi masa fashi. Farkon wasan akwai wuya. Sau biyu maƙwabta suna cinye ni tun ban tara ko sisi ba. A na uku na yi haƙuri, na yi ta tura ayari, can sai kuɗi suka ɓalle kamar an fasa bututu. Maƙwabcin da ya taso min da yaƙi, a zagaye ɗaya na sayi rundunar da ta kora shi gida. Daren da na yi kiciɓis da Ngazargamu a taswirar, tsohon birnin sarakunan Borno, sai da na tashi yaron daga barci ya gani.

To amma ni ɗan canji ne, shekaru na yi ina lissafin kuɗin mutane a bakin titi, kuma aljihun da ba ya ƙarewa ban taɓa ganinsa ba. Wannan ne ya tura ni bin labarin mutumin na gaskiya. Sarkin da ke cikin wasan, mai fara'a da adon zinare, shi ne dai wanda ake ta turo mana a WhatsApp: wai ya fi kowa kuɗi tun da aka halicci duniya, wai dala biliyan 400. Wannan adadi wani shafin intanet mai ƙididdige dukiyar taurari ne ya fitar da shi a 2012, kowa kuma ya ɗauka ya ruga. Da wane farashi aka canza miskalin ƙarni na 14, wato ma'aunin zinare na wancan zamani, zuwa dala? Ni da aikina ke nan, na rasa ta inda zan fara. Siffar ma tsohuwa ce. Wata taswirar Turawa da ake kira Taswirar Katalan, ta 1375, ta zana shi zaune a karaga da kambi, yana ɗaga zinare, kuma tun daga nan ba a bar shi ya sauke hannun ba.

Mansa Musa ya tafi Hajji a 1324, ya yada zango a Alƙahira zamanin Sultan al-Nasir Muhammad. Al-Umari, wani Balarabe marubucin tarihi wanda ya tattara labarin daga bakin waɗanda suka gani da ido kimanin shekara 12 bayan haka, ya ce miskalin zinare da ba ya yin ƙasa da dirhami 25 ya koma bai wuce 22 ba. Faɗuwar kashi 12 cikin 100 ke nan. Duk wanda ya taɓa kwana da dala a jaka ya wayi gari ta sauka haka ya san abin da zafi, amma ina wannan ina "ya durƙusar da tattalin arzikin Masar" da ake ta yayatawa? Shi al-Umarin ya ce 'yan kasuwar birnin sun mai da baƙin saniyar tatsa, rigar da ba ta kai dinari 1 ba su sayar musu 5. Da ayarin ya juyo daga Makka kuwa, guzuri ya ƙare ƙaf. Sarkin zinare sai da ya ci bashi, har masu ba da rancen suka ci ribar dinari 700 a kan 300, ko da yake daga baya ya biya. Wani attajirin Iskandariya, Sirajuddin ibn al-Kuwayk, ya bi sawun kuɗinsa har Timbuktu, can ajali ya riske shi. Matafiyin nan Ibn Battuta, da ya zo Mali a 1352 lokacin Mansa Sulaiman, ya ambaci kabarinsa.

Na ba da wannan labari a teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya sauke farali tun muna yara, ya yi dariya har sai da ya ajiye kofinsa.

"To ɗana, wane alhaji ne ya taɓa dawowa da canji?" in ji shi. "Kai dai tsaraba. Ashe har sarakuna ba ta bari ba."

"Baba, ai shi tsarabarsa malamai ce da littattafan fikihu," na ce masa, "har da wani mawaƙin Andalus, Abu Ishaq al-Sahili, wanda ake danganta masa masallacin Jingarebar na Timbuktu."

A nan wasan ya yi rabin adalci. Ana iya gina Jami'ar Sankore ta Timbuktu, kuma makin addini na da amfani sosai ga Mali. Amma babu bashi, babu asara, babu ɗan kasuwar da zai cuce ka. Babu kuma ɗimbin bayin da suka taka hamada a ƙasa cikin wannan ayari, waɗanda masu yabon dukiyar ba sa son tunawa da su. Haka nan a bakin marokan Mande, wato jeli, Sundiata Keita da ya kafa daular shi ne gwarzo, Musa bai kai shi shiga waƙa ba. Sai a 2023 aka ƙara Sundiata cikin wasan, shi ma sai an saye shi daban.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma namu ne. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau mulki a 1349, Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci. Shekara 25 kacal tsakanin Hajjin Mansa Musa da hawan Yaji. Yaron nan ya haddace biliyan 400, amma bai taɓa jin sunan Wangarawa ba sai a bakina.

Wanda ke da kwamfuta mai ɗan ƙarfi da haƙurin karanta Turanci, ya saya, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Ya dai jira lokacin rangwame, ya kuma riƙa adana wasan a kai a kai, don ranar da aka ɗauke wuta batirin ya mutu ina tsakiyar kewaye wani birni, Allah kaɗai ya san abin da na ji. Yaron yana da jarrabawa ranar Litinin, ya ce in taimaka in dawo masa da laftof ɗinsa. Na ce masa ya bari ayarina ya iso tukuna.