Wa ya buga, kuma yaushe? Kafin ka sayi hoton Munch ko na Gauguin

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sassaƙa hatimi ya riga ya san rabin zancen. A fafe wurin da ba a so, a shafa tawada, a danna a takarda. Haka masu zanen Turai suka riƙa yi daga wajen 1890 zuwa 1914, da katako; akwai kuma masu bugawa da dutsen da ake zana wa hoto da alli mai maiƙo, ko farantin tagulla, ta wata hanya dabam. Katako ɗaya kan fitar da hoto barkatai, kuma nan mai saye yake ruɗewa: hoton iri ɗaya ne a ido, amma wani kuɗin gida ne, wani kuɗin cefane. Wanda ya buga da lokacin da ya buga, su ke yanke farashi.

Na ƙoli shi ne wanda mai zanen ya buga da kansa, ko aka buga a gabansa. Edvard Munch, mutumin Norway, ya fara wannan aiki a Berlin a 1894. Yana da wata dabara: ya sa zarto ya yanka katakon gida-gida, ya shafa wa kowane yanki launinsa, ya mayar da su wuri ɗaya, ya buga sau guda. Shi ya sa za ka ga wani siririn farin layi ya kewaye mutum ya raba shi da teku, kuma kaɗaicin da hoton ke nufi a cikin layin nan yake. A hotonsa na sumba, jijiyoyin katakon sun fito ɓaro-ɓaro bayan mutum biyu da fuskokinsu suka narke suka zama ɗaya. Irin waɗannan sai manyan gidajen gwanjo kamar Sotheby's da Christie's, wasu ma sun haura dala miliyan. In ka ga an tallata shi da araha a intanet, ka tuna araha ba ta ado.

Gauguin, mutumin Faransa, shi ne ya fi nuna yadda matakan suke. Da ya dawo Faris daga tsibirin Tahiti, ya sassaƙa katako goma na jerin hotunansa mai suna Noa Noa tsakanin 1893 da 1894, cike da gumaka da aljanun dare da mata a bakin ruwa. Waɗanda ya buga da hannunsa dishi-dishi suke, launin ƙasa da ruwan ɗorawa sun cakuɗe, kamar abin da aka gani a mafarki. A 1894 abokinsa Louis Roy ya buga wasu da launuka masu kauri, ja da rawaya, tsaf-tsaf. Sannan a 1921, shekara goma sha takwas bayan mutuwar Gauguin, ɗansa Pola ya sake bugawa a Copenhagen da baƙar tawada, kwafi ɗari-ɗari, kowanne da lamba. Na Pola ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma a cikinsa ne ake ganin kowane ɗan karce na wuƙa. Ni dai ina sonsa. Amma hazon da uban ya nufa babu shi, kuma dillalin da ya ce maka "ai daga katakon asali ne" ya yi shiru, bai gama faɗa maka gaskiya ba.

Wani lokaci ma cewa an sake bugawa daga katakon asali ƙarya ce tsagwaronta. Félix Vallotton ya fitar da hotuna goma na Intimités a 1898, baƙi da fari, ma'aurata da masoya a ɗakunan da duhu ya cinye rabinsu. Da ya gama, ya yanyanka katakon don kada a ƙara.

Mai matsakaicin ƙarfi, shawarata ya dubi shafukan littattafai da mujallu na zamanin. Littafin Klänge na Kandinsky, mutumin Rasha, wanda ya fito a Munich a 1913, yana da bugun katako 56, inda doki da mahayinsa suke ta komawa zane zalla har da ƙyar ake gane su. Akwai kuma Les Maîtres de l'Affiche, hotunan talla 256 da aka ƙanƙanta aka buga a Faris daga 1895 zuwa 1900, har da na Toulouse-Lautrec da na Mucha mai matan da furanni suka kewaye. Kowane shafinsa yana da tambarin da aka matsa ba tawada a kusurwarsa, sai ka karkata shi ga haske ka gani. Yaga littafi a sayar da shi shafi-shafi abin takaici ne, to amma aikin gama ya gama, kuma takarda ce da tawada na lokacin.

Kwafin zamani kuwa ba abin kunya ba ne in an kira shi da sunansa. Gidajen tarihi irin su Met na New York da Art Institute na Chicago sun saki hotuna da yawa kyauta, ka sauke ka kai wa mai buga hoto a gari. Abin gudu shi ne biyan kuɗin tsoho a kan sabo. Na taɓa faɗawa: na sayi wani da takardar shaida mai hatimin zinariya, na sa madubin ƙara girma sai ga ɗigo-ɗigo a jere kamar hoton jarida. Bugun katako ba ya haka. Tawadarsa shimfiɗe take, takan ɗan taru a bakin layi, kuma sau da yawa in ka juya takardar za ka ga shatin dannawa. Ka auna tsawo da faɗi ka gwada da kundin ayyukan mai zanen (na Munch, Gerd Woll ce ta tattara), ka kuma tambaya ko sa hannun da fensir aka yi ko cikin hoton aka bugo shi.

Ka kuma sa kuɗin firam a lissafi tun farko. Ranarmu tana kashe launi, laimar damina tana fesa wa takarda jajayen tabo, gara da kyankyaso ba su san Gauguin ba. A sa kwali marar asid tsakanin hoton da gilashi, a liƙe bayan saboda ƙurar hunturu, a rataye a bangon da rana ba ta dukansa.