Gargaɗi Kan Masu Sayar da Irin Barkono da Lambobin Yaji na Bogi

Ina jan hankalin masu sha'awar noman barkono mai tsananin yaji game da wasu 'yan damfara da ke tallar iri a shafukan intanet, suna liƙa masa lambobin yaji da babu wanda ya auna su. Na ga wata talla mai hoton barkono jawur, an rubuta a ƙasansa cewa yajinsa ya kai maki miliyan 20 a ma'aunin Scoville. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, domin sinadarin kafsaisin, wanda shi ne ke sa barkono yaji, ko an tace shi zalla bai wuce maki miliyan 16 ba, kuma ba zai yiwu ɗan barkono ya fi abin da ke ba shi yajin ƙarfi ba.

Ma'aunin ya samo sunansa ne daga Wilbur Scoville, wani masanin haɗa magunguna a Amurka, wanda a 1912 ya riƙa sirka ruwan barkono da ruwan sukari har masu ɗanɗanawa su daina jin yajin, yawan sirkin kuma shi ne makin. A yau na'ura ce ke auna yawan sinadarin a ɗakin gwaje-gwaje. Attarugu yana tsakanin maki 100,000 da 350,000, barkonon Carolina Reaper yana da matsakaicin 1,641,183, sai barkonon Pepper X da kundin bajinta na Guinness ya tabbatar masa da 2,693,000 a matsayin mafi yaji a duniya a 2023 bayan gwajin Jami'ar Winthrop. Lokacin da aka sanar da wannan matsayi, Ed Currie da ya samar da Pepper X bai fitar da irinsa kasuwa ba, amma tallar "irin Pepper X" ta cika ko'ina.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda damfarar ke fakewa da lokaci. Ƙwayoyin irin barkono duk kusan kamarsu ɗaya, ƙanana, fala-fala, masu launin ƙasa-ƙasa, don haka mai saye ba zai gane komai ba ranar da ya buɗe ambulan. Zai yi renon iri, ya dasa, ya yi ta ban ruwa wata da watanni, sai 'ya'ya sun nuna ya tarar da barkono na yau da kullum, a lokacin kuwa wa'adin mayar da kuɗi ya wuce, shafin ma ya sauya suna.

Kafin ku biya ko sisi, ku nemi takardar gwaji mai ɗauke da sunan ɗakin gwaje-gwaje da kwanan wata, sannan ku tambayi ko an killace shukar lokacin fure, domin ƙudan zuma na gauraya barkono da maƙwabcinsa. Wanda ya rantse muku cewa kowane ɗan barkono zai ba da lamba ɗaya tak, ku rabu da shi, saboda ko a jikin shuka guda yaji yana bambanta gwargwadon ruwa da zafin rana.