Bukkar da muka raina, a Fulorida sai mai hali

Makon jiya maƙwabciyata a Olando, birnin da ke jihar Fulorida ta Amurka, wata dattijuwar Baturiya, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Jikarta ta gama sakandare, za a yi mata walima irin ta mutanen Hawai, tana neman wanda zai taya ta kafa bukkar tiki a bayan gida. Da ta nuna mini hoton a waya sai na yi shiru. 'Yan uwa, rumfa ce. Dirka huɗu da jinka, irin wadda kawuna yake kafawa a bakin gona kafin azahar.

Muka tafi kantin kayan gini. Gaskiya a nan dole a yaba musu: yaron kantin ya yanka mana katako daidai awon da muka ce, ya ɗora a mota, kuma abin da ya ragu ka mayar da rasit a ba ka kuɗinka, ba wanda zai ce maka kaya in ya fita ba ya dawowa. Jinkar kuwa ta intanet ta yi odarta. Ganyen kaba ne daga Meziko, an saƙa shi kamar tabarma, an naɗe cikin leda, har da kwalbar maganin da ake fesawa don kada wuta ta kama da wuri. Kuɗinsa ya fi abin da nake samu a aikin kwana uku. Kaba fa! Wadda yara ke tsinkowa a gindin goriba.

Takardar da ta zo da shi ta ce a buga da ƙusa. Na ajiye ta gefe. Na ɗaura tanka, na fara baibaya daga ƙasa zuwa sama, kowane layi na rufe kan na ƙarƙashinsa, na tamke ƙoƙuwar da igiya. Rabona da wannan aiki shekara ashirin, amma hannu bai manta ba. Ƙanshin busasshen ganyen nan da ya buge ni, sai ga tsakar gidanmu a idona, lokacin da ake yantar shuci gab da damina.

Abin da ya ɓata mini rai, sai da ta nemi izinin ƙungiyar masu gidajen unguwa kafin ta kafa rumfar kwana biyu a filinta. Sannan gumakan itace da suke jerawa a ƙofar bukka, waɗanda su ne ainihin tiki, na ce mata ba zan taɓa ba, ta kuwa fahimta. Galibin mutanen nan ado kawai suka ɗauke shi. Tun 1933 da wani Donn Beach ya buɗe mashaya a Hollywood aka fara wannan yayi, ya ƙara ƙarfi bayan Hawai ta zama jiha a 1959.

Ranar walima, an rataye furanni, an jera abarba da kwakwa, mutum uku suka tambaye ni kamfanina. Wani ya zaci a wurin Seminol na koya. Su ne 'yan asalin Fulorida da ke kafa bukkar da suke kira chickee da itacen fadama da ganyen kabarsu, kuma dokar gine-gine ta jihar ba ta hau kan bukkokin da su da ƙabilar Mikasuki suka kafa ba. Otal-otal na ɗaukar su kwangila.

Mu kuwa a gida, mai saƙar zana ya wuni a rana ciyawa na yanka masa hannu, mu zo muna taya kayansa kamar muna ba shi sadaka. In biki ya tashi sai kanofi da kujerun roba, jama'a na gumi kamar a tanda, wai kada a ce mana 'yan ƙauye. Ɗan mai baibaya ya kama acaba, don ba ya son a kira shi da sana'ar ubansa.

Daren nan na kira kawu. Ya ce a unguwarsu saura mutum biyu da suka iya tamke ƙoƙuwar jinka, kuma dukansu sun girme shi.