Yadda wani tsohon ɗan kokowa yake zaɓen yara a Damagaram

A unguwar Zango akwai wani tsohon ɗan kokowa da ke horar da yara bayan sallar la'asar a wani fili mai yashi, kuma ba ya karɓar yaro sai ya gwada shi. Na kai ɗan ƙanena wurin, kuma yadda ake zaɓen ne ya sa nake ganin ya kamata iyaye su san da wurin.

Malamin ba ya ruɗuwa da girman jiki. Yakan haɗa yaro da tsaransa, ya tsuguna a gefe ya zuba wa ƙafafunsu ido, domin ya ga wanda ke kafa dugadugansa idan an ture shi, da wanda ke haɗe ƙafa har a ɗebe shi cikin sauƙi. A gabana aka kayar da wani siririn yaro, ya miƙe ya kakkaɓe yashin gwiwarsa ya sake kamu ba tare da ya waiwayi mahaifinsa ba, nan take malamin ya karɓe shi. Wani kakkaura kuwa da ya kayar da abokin karawarsa sannan ya tsaya yi masa dariya, cewa aka yi ya je ya dawo wata mai zuwa. Na yarda da wannan hukunci, domin a gasar kokowa ta ƙasa ta Nijar da ake ba zakaranta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, kowace jiha 'yan kokowa 10 take turawa, kuma yaron da ke fatan wakiltar Damagaram wata rana, ko ya shiga filin Langa Langa, babban filin kokowa na Damagaram, ana yi masa kirari, yana buƙatar haƙuri da ladabi kamar yadda yake buƙatar ƙarfi.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne, idan ya ga dogon yaro mai dogayen ƙafafu, yakan shawarci iyayensa su gwada shi a wasan taikwando, wasan faɗan da aka fi amfani da ƙafa a cikinsa, yana kafa hujja da Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wasannin Olamfik na 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

Sai dai akwai gyara. Da ido ake ƙiyasta shekarun yara, ba a neman takardar haihuwa, shi ya sa wani lokaci ake haɗa ƙaramin yaro da wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma babu likitan da ke duba lafiyarsu kafin a fara. Haka nan zaɓen bai wuce cikin gari ba, alhali a ƙauyukan Mirya da Magarya da Matamai ake kokowar bayan girbi. Kuɗin wata bai fi ƙarfin talaka ba, amma duk wanda zai kai ɗansa ya fara biyawa da shi asibiti, ya kuma tafi da takardar haihuwarsa ko da ba a tambaye shi ba.