Masa, teburin mai shayi ko gidan sanyi: ina za ka kai kuɗinka a Bauchi?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, cin abinci a waje ya daina zama abin da ake yi da ka. Shinkafa ta tashi, fulawa ta tashi, ƙwai ma sai mutum ya yi shawara da aljihunsa kafin ya ce a fasa biyu. Don haka wanda ya shigo Bauchi, ko ɗan gari da ba a ɗora tukunya a gidansa ba, yana bukatar sanin inda kuɗinsa zai fi yi masa auki.

A ganina masa ce kan gaba, kuma ba don kishin gari na faɗa ba. Matafiya daga Jos, Gombe da Maiduguri ba sa tsayawa wajen masu masar unguwar Wunti a banza. Sai dai ba kowace masa ce masar Bauchi ba, ko da a Bauchin aka soya ta. Ta ƙwarai da farar shinkafar tuwo ake yi: a jiƙa, a niƙa, a haɗa da ɗan dafaffen ɓangaren shinkafar, a sa yis, a bar ƙullin ya tashi. Idan ta fito daga tanda za ka ga gefenta ya yi ja-ja yana ƙaras-ƙaras, cikinta fari sol, da 'yan ramuka, kuma ba ta danƙare a baki. Ɗan tsami kaɗan shi ne daɗinta. In tsamin ya kai ga yamutsa fuska, ƙullin ya wuce lokacinsa. In kuma ka ji ɗanɗanon kanwa ya fito fili, an yi ƙoƙarin kashe tsamin ne. Dubi man da ake zubawa a tandar: mai ƙamshin gyaɗa daban, wanda ya yi baƙi don maimaici daban, kuma na biyun ne ke sa ƙwannafi.

Masu sayarwa iri biyu ne. Akwai gidajen masa masu benci da teburi, inda za ka zauna a zubo maka miyar taushe da ƙashi ko tantaƙwashi. Akwai kuma matan cikin gida a tsofaffin unguwanni irin su Jahun da Nasarawa, waɗanda sai an aika yaro da kwano. Na cikin gida sun fi araha, sau da yawa ma sun fi hannu, amma in ka makara sai ka ji "Hajiya ta tashi." Masu benci sun fi tsada, kuma yawancin kuɗin ba a masar yake tafiya ba, a naman miya yake. Wanda aljihunsa bai da nauyi ya ce a ba shi da miya zalla, ko da ƙuli da ɗan mai, zai ƙoshi har azahar. In guzuri za ka yi, a sa miya daban, kuma kada a ƙulle masa da zafinta cikin leda, gumi zai sa ta yi laɓo kafin ka kai Alkaleri.

Teburin mai shayi na dare ne da sassafe, kuma a nan ne ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) na Yelwa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji suke rufa wa kansu asiri. Indomie, wadda asalinta daga Indonesiya take kuma ake sarrafa ta a Ota ta jihar Ogun, ta kusa ƙwace teburin daga hannun shayin kansa. Amfaninta ɗaya ne babba: a gabanka ake dafawa, a gabanka ake fasa ƙwai, da zafi kake ci. Aibinta kuwa ba ta riƙe ciki. Kuɗin da za ka kashe a kan babbar leda da ƙwai biyu da haɗin kauri zai saya maka masar da za ta kai ka nesa. Mai hawan jini ya ce a sa rabin garin ɗanɗanon da ke cikin ledar, gishirinsa ba kaɗan ba ne. Wajen zaɓen mai shayi, bar kallon jerin gwangwanayen da ya tara, leƙa bokitin da yake ɗauraye kofi. Sannan ka tambaya ko madarar ta gwangwani ce ko ta awo, tun da farashinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ruwan bununsa ke tashin citta da kanumfari ya san sana'arsa, ka riƙe shi.

Burodi ba sai an ja zance ba. Yawancin alkamar da ake yin fulawa da ita daga waje ake shigo da ita, shi ya sa farashinsa ke bin dala. Masu gidan burodi in ba su ƙara kuɗi ba sai su rage nauyi, don haka ɗaga shi ka ji, kada girma ya ruɗe ka. Wanda ya kumbura ƙato amma ka matse shi ya koma tafin hannu, iska ka saya. Hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta sinadarin buromet da wasu ke sawa don burodi ya tashi, saboda haka nemi mai suna da lambar rajista a jikin leda. Zaƙin da ke barin ɗaci-ɗaci a maƙogwaro alamar sakarin ne. In da hali, saya a bakin gidan burodin lokacin da ake fitarwa, ya fi wanda ya wuni a rana a bakin tasha.

Sai wuraren zamani da ke ta buɗewa a GRA da manyan titunan gari, masu shawarma, kek, askirim da kofi. Gaskiyar magana, a nan ba abinci kake saya ba, wurin zama kake haya: sanyin na'ura, wutar janareto, wajen cajin waya da natsuwar da za ka yi magana ba ƙarar Keke Napep. In ganawa ce da abokin harka, ko za ka fita da iyali, kuɗin bai faɗi ba. In yunwa ce ta kai ka, za ka fito da ita. Nemi takardar farashi kafin ka zauna, kuma ka tambaya ko kofin niƙawa suke yi ko na gwangwani ne, don wasu abin da mai shayi zai haɗa maka suke sayarwa ninkin ba ninki. Shawarma kuma a naɗe maka sabuwa; kirim ɗin da ake sa mata ba ya jure zafin Maris da Afrilu.

Bukukuwan baje kolin abinci da ake shiryawa jefi-jefi a filaye da otal-otal suna da daɗin kallo, musamman ga mai son ɗanɗana girkin matasan da ke talla a Instagram. Amma lissafa kuɗin shiga a kan na abincin tukuna. Ni dai na fi ganin babban baje kolin garin nan shi ne wanda ba a biyan ko sisi a ƙofa. Da azumi, daga la'asar, bakin kasuwar Wunti da Muda Lawal cika yake da ƙosai, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, dabino da kankana. Da Sallah alkaki, nakiya da dubulan ke fitowa, kuma gara ka ba da sautu wajen mai yi tun da saura kwanaki, don na ranar hawa a kusa da fada tsada gare shi. Da masara ta nuna kuwa, gasasshiya da dafaffiyar gyaɗa sun ishi mutum abin taɓawa na yamma.

Abin sha ne ke bukatar ido, musamman da damina. A 2021 Bauchi na cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna, kuma ta ruwa take shiga. Zoɓo, kunun aya da fura da nono duk da ruwa ake haɗa su, ƙanƙarar da ake jefawa ma ruwa ce. Saya wajen wadda ka san gidanta, ko ka karɓi furarka da kindirmonka ka je gida ka dama da ruwan da ka yarda da shi.