Sharhi kan Toggl Track: lissafin lokacin aiki a waya ga wanda ba ya zama a shago

Sana'ata haɗa fano na hasken rana da gyaran wayoyin wuta, kuma ko da yake ina da ɗan shago a unguwar Zariya ta birnin Maradi a Nijar, inda kwamfutata take, yawancin aikin a waje nake yin sa: yau a kan rufin wani gida a Ali Ɗan Sofo, gobe a gonakin noman rani na Jiratawa, wani lokaci har Tibiri ko Madarunfa. Da na dawo da yamma in zauna rubuta abin da na yi, sai in tarar na tuna aikin amma ban tuna tsawon lokacin da ya ci ba. Wannan ne ya sa na sauke manhajar Toggl Track a wayata, kuma na yi watanni ina aiki da ita.

Wani kamfani na ƙasar Estoniya ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 2006. Amfani da ita ba shi da wuya: mutum ya rubuta sunan aikin, ya zaɓi mai aikin, ya danna maɓalli agogo ya fara tafiya, idan ya gama ya sake dannawa. Tsarin kyauta yana ɗaukar har mutum 5, wanda ya ishe ni da yaran da ke koyon aiki a hannuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta dogara da rezo, wato hanyar sadarwar waya. A ƙauyukan da intanet ke zuwa yana ɗaukewa, agogon yana ci gaba da ƙirga, kuma da zarar na shigo gari wayar ta samu hanya sai ta aika komai da kanta, in buɗe kwamfuta in tarar da shi a jere. Ko a wajen Ɗan Isa, inda waya kan kama layin Najeriya, lissafin ba ya rikicewa, domin agogon ƙasashen biyu ɗaya ne.

Sai dai akwai bambanci tsakanin waya da kwamfuta da ya kamata mai sha'awa ya sani tun farko. A kwamfuta, manhajar tana lura idan an daɗe ba a taɓa komai ba, ta tambaya ko a cire wannan lokacin. Waya kuwa tana cikin aljihu, ba ta san an sauko daga rufi an tafi sallar azahar ba, ba ta kuma san mai gida ya kawo fura an zauna hira ba. Abin da yatsa ya faɗa mata shi kaɗai take rubutawa. Ana iya gyara lokacin farawa da na gamawa daga baya, kuma yarana suna yawan yin haka, amma gyaran da aka yi da daddare ƙiyasi ne kawai. Ga kuma ranar watan Afrilu, wadda ke sa allon waya ba ya ganuwa sosai, da hannu mai ƙura da gumi wanda mutum ba ya son cusawa a aljihu. Dabarar da muka tsaya a kanta ita ce mu haɗa dannawar da abin da ba a mantawa: ana kunna agogo kafin a tada babur, ana canza shi idan an sauke kayan aiki.

Babu Hausa a cikinta, don haka sai da na zauna na nuna wa yaran ma'anar kowane maɓalli. Sanya kuɗin kowace awa yana cikin tsarin da ake biya, da kuɗin waje kuma da katin banki, abin da yawancin masu sana'a irina ba su da shi.

Wannan bai dame ni ba, domin a Maradi ba wanda ke biyan mai gyara da awa. Jinga ake yi: a duba aiki, a yi ciniki, a tsaya kan jika kaza, ko ya ɗauki wuni ko ya ɗauki kwana uku. Ban taɓa nuna wa mai aiki rahoton manhajar ba, kuma da na nuna da dariya zai yi. Amfaninta yana wajen ciniki na gaba. Da na raba lokacin gida uku, wato hanya, jira da aikin kansa, sai rahoton mako ya nuna mini cewa a ayyukan bayan gari, tafiya da jiran mai gida ko komawa kasuwa neman wani ƙarfe da ya ɓace suna kusan kai aikin hannun tsawo, alhali ni kuɗin aikin hannu da na mai kaɗai nake sakawa. Yanzu idan an kira ni Madarunfa, farashin da nake faɗa ya haɗa da wunin da zan rasa a gari, kuma ina neman a turo mini hoton wurin ta WhatsApp kafin in tashi, domin in san kayan da zan ɗauka.