Yaro Mai Sikila: Zagayen Likitoci Ko Likita Ɗaya Mai Riƙe Da Ragama?

Yaron da sikila ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har ɓarin jikinsa ya shanye ba likita ɗaya yake gani ba. Akwai na jini, na ƙwaƙwalwa, mai gashin ƙashi, wani lokacin har na ƙoda.

Hanyar da iyaye suka fi bi ita ce uwa ta zama ita ce mahaɗa. Za ka gan ta tun da asuba a layin kati, yaro a goye, leda cike da takardun gwaji sun yi laushi don yawan naɗewa. Kowane likita sai ta sake ba shi labari daga farko. Wannan ya rubuta magani bai san abin da wancan ya bayar ba, a maimaita gwajin da aka yi makon jiya, kuɗin mota ya ƙare. Amfaninta ɗaya ne: iyaye na da 'yancin zaɓar wanda suka amince da shi.

Ɗaya hanyar kuwa, likitan yara guda ne ke riƙe da fayil. Shi ke lura da adadin hydroxyurea (maganin rage tashin sikila) da folic acid (ƙwayar taimaka wa jiki yin jini) da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ya tsara ranar ƙarin jini, ya haɗa ganin likitoci a rana guda. Ƙannen yaron masu sikila ma zai tura su hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa tun suna shekara 2, don a gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki da wuri.

Ni wannan na fi so ƙwarai, sai dai an fi samunta a manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya yi wa mutanen karkara nisa.